Ranar da Na Ci Baƙar Kaza a Ƙofar Gida

Wannan babin saboda Safiya na rubuta shi, amma ku duka ku karanta, har da Abba da yake ganin ya san komai a kan maganar. Na daɗe ina jin ana cewa a tsakaninku Baba ya fifita kaji a kan 'yarsa. Ban taɓa musawa ba, domin musu a waya ba ya ƙarewa. Yanzu da na zauna da biro zan faɗe shi yadda ya faru, har da wurin da ba ni da gaskiya.

Bayan rasuwar mahaifiyarku, Allah ya jiƙanta da rahama, gidan nan na Gangare ya yi mini yawa. Abba yana Kaduna da iyalinsa, 'yan'uwansa mata biyu suna ɗakunan mazajensu, Safiya kuma, autarmu, tana karatun aikin jinya a wajen yayanta a Kadunan. A shekarar ce gwiwa ta hana ni bin motocin dankali zuwa Bokkos da Mangu, na sakar wa abokin cinikina harkar, na dawo gida na zauna. Ku tuna ni mutum ne da ya fara da dako a tasha, ya yi shekara arba'in kunnensa bai huta da ihun direbobi da masu awo ba. Sai ga ni a tsakar gida ina jin ɗigar famfo. Idan na dawo daga masallaci nakan yi sallama a zaure, in tsaya ina jiran a amsa, sannan in tuna. Na yi watanni ina dafa shayin mutum biyu ina zubar da rabi. Kuna bugo waya ranar Juma'a kuna tambaya, ina cewa lafiya lau, domin a wajena gajiya da zazzaɓi ne kaɗai abin da namiji yake iya kai ƙara.

Ana nan sai ga Bulus. Manomin dankali ne daga wajen Bokkos, mun fi shekara talatin muna ciniki, bai taɓa cusa mini ruɓaɓɓe a ƙasan buhu ba, ni ma ban taɓa danne masa awo ba. Labarin rasuwar bai kai masa da wuri ba, sai ya zo ta'aziyya a makare, da kwali a hammata an huhhuda shi. Bayan mun gaisa ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Oga Alhaji, Mama ya tafi, kai kuma ka zauna kamar buhu da aka manta a sito. Ga aiki na kawo maka."

Ya buɗe kwalin. Wasu halittu ne uku farare, kamar an ɗebo auduga an yi mata ƙafa. Ba a ganin idonsu saboda tukkun da ya rufe musu fuska. Na ɗaga ɗaya yadda nake ɗaga kowace haja, na auna ta a tafin hannu, na taɓa ƙirjinta, na buɗe fiffiken. Gashin ba irin na kaza ba ne, laushi gare shi kamar na ɗan kyanwa. Ƙafar ma gashi ce har ƙasa, yatsu biyar maimakon huɗu, ga ɗan shuɗi a kunne.

"Bulus, wannan ai babu nama."

"Babu."

"Ƙwai fa?"

"Ƙarami ne, kuma ba kullum ba. Tashi sama ma ba ya iya. In ruwa ya doke shi ka bar shi, ya mutu."

"To, mene ne amfaninta?"

"Siliki ne sunan shi. Yarinyana ne ya kawo iri. Amfanin shi, zai hana ka zama."

Na karɓa ne don kada in kunyata shi. A raina na ba su sati biyu. Duk rayuwata ban taɓa ajiye abin da ba ya kawo riba ba, ko tumakin da mahaifiyarku take kiwo nakan yi musu kallon watan Sallah. Amma Bulus ya san abin da ya faɗa. Kazar siliki ba ta barin mai ita ya zauna. Kajin Hausa ka watsa musu tsaba ka manta da su, su nemi bishiya su hau. Waɗannan kuwa komai sai an yi musu. Gashinsu ba ya tare ruwa, shanye shi yake kamar tsumma, ga Jos kuma da ruwa da sanyi da ƙanƙarar da ba ta sallama. Na kira kafinta muka yi akurki a bayan ɗakin girki, muka ɗaga shi daga ƙasa, kwano a sama, wayar raga a gefe saboda shirwa, domin tukkun nan ba ya barinsu su ga abin da ke saukowa daga sama. Sandar da suke hawa su kwana ba ta fi tsayin taƙi ɗaya daga ƙasa ba. Na riƙa zuwa wajen masu yankan katako ina ɗebo garinsa ina shimfiɗa musu, in kwashe duk kwana uku. Na koyi rage musu tukku da ɗan almakashin mahaifiyarku don su ga gabansu. Na koyi ba su ruwa a murfin kwano marar zurfi don kada su jiƙa kai. Na ajiye musu tsohon daro da yashi da toka suna birgima a ciki saboda ƙwarƙwata. Dusa, gero, ɗan acca, ganyen kabeji da nake karɓa wajen mata masu kayan miya. Ranar da yayyafi ya riga ni, nakan naɗe su a tawul ɗaya bayan ɗaya in zauna da su kusa da kaskon gawayi har su bushe, su kuwa su lafe a cinyata kamar sun san ni tun fil azal.

Babbar a cikin matan ita ce ta fara kwanci. Ban taɓa ganin uwa irinta ba. Kwana ashirin da ɗaya sai na ɗauke ta da hannu sannan take saukowa ta ci ta sha. Da safen da ta ƙyanƙyashe, na tsuguna da wannan gwiwar tawa ina ƙirga 'yan tsaki, sai na ji bakina yana kiran mahaifiyarku, yana cewa, Rabi, zo ki gani. Daga ranar na daina jin kunyar yi musu magana. Nakan faɗa musu yadda dankali ya yi a bana, wa ya rasu, wa ya bugo waya. Abin da ban lura da shi ba shi ne katangarmu gajeriya ce, kuma a layinmu babu abin da ake yi a tsakar gida maƙwabta ba su ji ba.

Da farkon damina Abba ya bugo ya ce akwai yaron da yake neman Safiya, ma'aikaci ne a Kaduna amma iyayensa a nan Anguwan Rogo suke, manyansa suna so su zo gaisuwa. Na bincika ta hanyoyina, na samu mutanen kirki ne. Ita ma Safiya na tambaye ta, ta yi shiru irin wanda uba yake ganewa. Aka sa ranar Asabar. Da yake babu mace a gidan, sai na aika wa Yaya Hanne, Goggonku, ta zo daga Kwararafa ta kama girki. Kun san ta. Ta girme ni da shekara shida, kuma har yau a idonta ban wuce yaron da take wa wanka ba. Da safe na kawo mata kaji huɗu figaggu daga kasuwa, na fita tarar baƙi a bakin titi saboda motarsu ba za ta shiga lungunmu ba.

Abin da ya faru a bayana daga baya na ji shi. Yaya Hanne ta dubi kajin kasuwa ta ce wannan abin kunya ne, surukai su zo gidan mutum karon farko a ba su kazar gidan gona alhali ga kaji suna yawo a tsakar gida. Mu a gidanmu haka aka tashe mu, baƙon da ake jin nauyinsa kazar gida ake kama masa, a yanka da sunansa. Ba ta yi don mugunta ba. Ta leƙa ta kira Malam Sabo tela, maƙwabcinmu, ya zo ya yanka mata. Wadda ta fi girma ta kama, wato uwar 'yan tsakin, ita kuwa da yake ta saba da hannu ko gudu ba ta yi ba. Malam Sabo ya yanka, ya tsaya wanke wuƙa, Yaya Hanne ta tsoma ta a ruwan zafi ta fara figa. Farin gashin nan yana fita, sai ga fata baƙa wuluk. Ta tsaga cikin, nama baƙi. Ta karya ƙafa, ƙashin ma baƙi.

Ni Bulus ya gaya mini haka halittarsu take, ban dai taɓa tunanin gaya wa kowa ba. Muna shigowa zaure da baƙi, baffan yaron a gaba da babbar riga, sai muka ji salati daga cikin gida.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Sabo, ƙirga yatsun nan! Biyar! Me Ɗanlami yake ajiye mana a gidan nan?"

Na bar baƙi na shiga. Tana tsaye ta ja da baya, hannunta a ka, kazar tana cikin daro. Mata biyu na maƙwabta sun riga sun leƙo ta katanga.

"Yaya, wa ya ce ki taɓa ta?"

Abin da ya fara fita daga bakina ke nan, da ƙarfi, kuma a zaure an ji. Da na ce mata irinsu ne haka, wataƙila da maganar ta mutu a wurin. Amma ni a lokacin ba fatar nake gani ba, 'yan tsaki nake gani suna zagaya akurki suna kuka. Duk wanda ya ji ni ya ɗauka mutum ne aka tona masa abin da ya ɓoye.

Baƙin sun yi dattako. Aka gaisa, aka yi addu'a, aka kawo abinci da kajin kasuwa. Baffan yaron ya ci shinkafa ya ture naman gefe, sauran suka yi yadda ya yi. Na gani, na yi kamar ban gani ba.

Kafin Juma'a ta zagayo an gama haɗa mini tarihi. Ku da kuka tashi a makarantun boko ba lalle ku gane nauyin abin ba. A wajen mutanenmu, baƙar kaza da kazar fingi mai murɗaɗɗen gashi su ne abin da boka yake cewa a kawo masa. To ga kaza fara a waje, baƙa a ciki, da yatsa na biyar. Wa ya kawo ta? Wani mutumin kan dutse a cikin kwali. Wa yake kiwonta? Ɗan dakon da aka wayi gari ya gina gida ya je Makka sau biyu. Yana rufe ƙofa yana yi musu magana, har an ji yana kiran sunan matarsa da ta rasu. Ita kuma matar, aka ce, ai lafiyarta ƙalau ta kwanta kwana uku ta tafi. Wannan ta ƙarshen ita ce ta shige ni. Babu wanda ya faɗa mini a ido. A masallaci dai na ga wanda ke kusa da ni a sahu yana janye kafaɗa kaɗan, mai kanti kuma ya fara ajiye mini canji a kan tebur maimakon ya miƙa mini a hannu.

Abba ya bugo. Ya yi ta zagaye-zagaye kafin ya iso.

"Baba, mahaifiyar yaron ce take ta magana. Sun ce ba wai sun yarda ba ne, amma dai hankalinsu zai fi kwanciya idan aka fitar da kajin daga gidan kafin a sa rana."

"A kai su ina?"

"Ko'ina, Baba. A mayar wa mai su. Kaji ne fa."

"In na fitar da su, me na ce wa mutane?"

"Ba ka ce komai ba."

"Na ce gaskiyarsu ke nan."

Har yau ina nan a kan wannan. A kasuwa, idan mai saye ya ce dankalinka ruɓaɓɓe ne ka yi sauri ka janye buhun ka ɓoye, ka gama yawo, gobe ko zinariya ka kawo sai an shinshina. Abin da dillalin kirki yake yi shi ne ya jawo buhun tsakiyar mutane, ya farke shi daga ƙasa, inda ake zargin an ɓoye ɓarnar, ya zazzage, ya ɗauki ɗaya ya tsaga da wuƙa kowa ya gani. Da wannan na yi suna daga Bokkos har Kano. Sai na ce haka zan yi wa wannan maganar ma. Na fara zuwa wajen limaminmu na kwatanta masa kazar. Ya ce halittar Allah ce, halal ce kamar kowace kaza. Na ce to ya zo ranar Litinin bayan la'asar mu ci tare. Ya ce in Allah ya yarda, da irin muryar da na sani a bakin mai sayen da ba zai dawo ba.

Ranar Litinin na kama zakaran da na raina da hannuna, na yanka shi da kaina. Ba zan ɓoye muku ba, sai da na juya fuska. Na yi farfesu yadda nake ganin mahaifiyarku tana yi, citta, tafarnuwa, attaruhu. Na shimfiɗa tabarma a ƙofar gida inda majalisarmu take zama, na kawo tukunyar da cokula shida da burodi. Dattawan layi suna nan su biyar, har da Malam Sabo. Na buɗe murfi, tururi ya tashi, naman yana ciki baƙi kamar gawayi.

"Jama'a, ga abin da ake magana a kai. Bismillah."

Babu wanda ya motsa. Ɗaya ya ce azumin Litinin yake yi, alhali na ga goro a bakinsa da azahar. Wani ya ce likita ya hana shi yaji. Na juya wajen Malam Sabo, mutumin da ya ɗinka wa kowannenku kayan suna.

"Malam Sabo, kai ka yanka ta farko. Ka ji ta yi magana da ka sa mata wuƙa?"

"Haba Alhaji, wa ya ce haka? Ni dai cikina ne tun jiya."

"Cikinka lafiya lau yake ranar da nake kawo balangu."

Aka yi 'yar dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba. Na ja tukunyar gabana na fara ci. Naman da daɗi, wannan ma in faɗa, ya fi na kazar kasuwa nesa ba kusa ba. Na ci cinya, na ci ƙirji, na tsotse ƙashi na jera a kan murfi kowa ya ga launinsa. Su kuwa ɗaya bayan ɗaya suka tuna da uzuri. Mata suna leƙe ta ƙofofi, masu keke napep suna rage gudu. Na zauna ni kaɗai da cokula biyar masu tsabta har na ga ƙasan tukunya, domin in na tashi na bar saura an ce na kasa. Liman bai zo ba.

Inda lissafina ya ɓace shi ne, a kasuwa mai saye so yake a nuna masa kayan na da kyau, don yana son saye. Mutanen layi ba sayen komai suka zo yi ba. Wani ya ɗauke ni a waya daga nesa, tsoho shi kaɗai a kan tabarma yana tsotsar baƙin ƙashi, kuma kafin magariba hoton ya isa Anguwan Rogo. Abin da na yi don in wanke kaina shi ya zama shaidar da ba su da ita a da.

Auren bai mutu ba, kuma wannan alherin Abba ne da shi yaron, wanda ya tsaya ya ce shi Safiya yake so ba akurkin babanta ba. Amma mahaifiyarsa ta rantse danginta ba za su ci abincin gidan nan ba, ba kuma za su ɗauki amarya daga cikinsa ba. Sai aka yi sulhu a kan a yi komai a Kaduna, a gidan Abba. Ya bugo ya gaya mini, ya ƙara da cewa har yanzu in na fitar da kajin zai iya komawa ya roƙe su. Na ce a yi a Kaduna. 'Yan'uwanta biyu daga ɗakin mahaifiyarsu aka fitar da su, a tsakar gidan nan aka yi musu lalle. Tun Safiya tana firamare mahaifiyarku take cewa bikin auta sai an rufe layi. A duk kwanakin nan na yi magana da Abba, na yi da liman, na yi da Yaya Hanne wadda ta zo tana kuka tana neman gafara. Safiya ce kaɗai ban kira ba. Na ce wa kaina maganar manya ce.

Aka sa biki a tsakiyar marka, lokacin da Jos take kwana bakwai ba ta ga rana ba. Na nemi wanda zai duba mini kajin kwana biyu, duk layin babu wanda ya yarda ya taka tsakar gidana. Sai na cika musu abinci da ruwa, na ɗaura leda a gefen da iska take kaɗo ruwa, na kama hanya ranar Juma'a. An karɓe ni da girmamawa. An ba ni ɗakin baƙi, da tawul sabo da silifa. Matar Abba tana ta cewa Baba me za a kawo maka, Baba ko a ƙara fanka. A gidan da ake aurar da 'yata, ni ake tambaya ko ina bukatar wani abu. Mutane suna shiga suna fita da kuloli, ana kiran Abba ta ko'ina, wane ya iso, a ina za a sa kujeru. Ni ina zaune a falo da carbi, duk wanda ya wuce ya rusuna ya gaishe ni ya wuce. Da dangin ango mata suka shigo, na ga wata ta taɓa wata da gwiwar hannu.

An ɗaura aure da hantsi ranar Asabar, ƙanena ya yi walicci. Da aka shafa fatiha na jawo Abba gefe na ce zan koma.

"Yau? Baba, da yamma za a kawo maka Safiya ka yi mata faɗa kafin a tafi da ita."

"Hadari nake gani ta gabas. In ledar nan ta cire, ruwa zai gama da su."

Ya sa aka kai ni tasha.

To ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ledar nan da kaina na ɗaure ta, da igiyar da ake ɗaure lodin dankali, na san ko guguwa ba za ta cire ta ba. Ba don kaji na dawo ba. Na kasa ne. Na kasa zama a kujerar wani, a falon wani, a kawo mini 'yata a lulluɓe in yi mata nasiha dangin miji suna tsaye a bakin ƙofa suna kallon bakina da na ci baƙar kaza da shi. Na fi son a ce Baba ya damu da kaji a kan a ga Baba yana hawaye a gabansu. Kajin sun ɗauki laifin da ba nasu ba sau biyu a shekara ɗaya, na farko a hannun mutanen layi, na biyu a hannuna.

Na iso gida bayan la'asar ana yayyafi. Akurki a bushe, abincinsu ko rabi ba su ci ba. Suka ɗago kai suka dube ni suka ci gaba da tonon garin katako. Ina tsaye a wurin da jakata a hannu waya ta yi ƙara. Hayaniyar mata ce a bayanta, da guɗa daga nesa.

"Baba, an ce in fito ka yi mini faɗa. Na fito an ce ka tafi."

"Na tafi, Auta. Ruwa ne."

Sai ta ce, a hankali yadda na kusa ba za su ji ba:

"Baba, ni fa ban taɓa yarda da maganar nan ba, ko na minti ɗaya. Da ka kira ni ranar, da na zo mun ci tare."

Na ji wata tana cewa amarya a yi sauri motoci na jira. Na ce Allah ya yi miki albarka, ta ce amin, aka kashe.

Safiya, kin zo gidan nan sau da yawa tun daga lokacin, kin kawo mini jikoki, ba ki taɓa tayar da maganar ba, ni ma na bi bayanki na yi shiru. Nasihar da ake yi wa amarya kin riga kin wuce ta, kin fi ni sanin zaman gidanki. Abin da ya rage a wuyana guda ɗaya ne. Na jera cokula shida a kan tabarma don mutanen da ba su damu da ni ba, ke kuma ban buga miki waya ba. Ki yafe wa babanki.